Gaisuwar Kaka Azumi a Kan Sabuluna

Tun da na dawo daga ƙasar Benin ban huta da tambaya ba. A gidan suna, a layin niƙa, har a wajen gaisuwar mutuwa sai wata ta matso ta ce, "Talatu, ya Kwatano? Da gaske ne mata ke tuƙa babur a can?" Ni kuwa ko hanyar Kwatano ban gani ba, Parakou da Djougou na je. Ina ba da amsa guntu-guntu ina wucewa. Abin da ya zaunar da ni na rubuta labarin gaba ɗaya shi ne maganar da ta zagayo ta dawo kunnena, wai maƙwabta suna jiyo ni da safe a bayan ɗaki, kaina sunkuye a kan sabulu, ina gaishe da mutanen da suka daɗe da rasuwa. Wai na kwaso wani abu a can. Wata baiwar Allah har rubutun sha ta aiko mini a gora. Na shanye, na gode, amma ga yadda abin ya faru.

Ni mai sabulu ce a Kontagora. Tun rasuwar maigidana, da wannan sana'a na ciyar da 'ya'yana na sa su makaranta. Sabuluna fari ne mai kusurwa huɗu, ba ado ba kwalliya. Yana kumfa, yana fitar da dauɗa, ban taɓa neman wani abu a wurinsa da ya wuce haka ba. Kusan duk abin da na yi, Alhaji Sani mai kanti a bakin kasuwa ne ke ɗauka, shekara da shekaru. Ran nan na kai kaya, maimakon ya sa a shigar, sai ya ɗauko wani sabulu ya ajiye a gabana. Launi uku ne a jikinsa, sun nannaɗe juna kamar zanen atamfa.

"Maman Sadiya," ya ce, "matan yanzu da ido suke wanka. Wannan daga Benin ake kawo shi, ba ya kwana a kanta. Naki kuwa ga na wancan zuwan can bai motsa ba. In za ki iya irinsa, bismilla. In ba za ki iya ba, bayan babbar sallah zan ba wani wurin."

Na ce masa ai wannan wasan yara ne. Da ƙarfi na faɗa, don mutanen kantin su ji. Sannan na dawo gida na zauna a kan turmi ina lissafi, don in Alhaji Sani ya daina ɗaukar kayana, tukunyar gidana ta sauka ke nan, kuma ban san ko ta ina ake fara sa zane a cikin sabulu ba.

'Yata Sadiya ce ta tuna mini da Rakiya. Mu asalinmu fataken goro ne. Kakana Ɗanladi a Djougou aka haife shi, garin da tsofaffinmu ke kira Zugu. Ya biyo motar goro yana saurayi ya zo Kontagora, bai koma ba. Ƙanwarsa Azumi tana can da ranta har yanzu, Rakiya kuwa jikarta ce. Ba mu taɓa haɗuwa ba sai gaisuwar waya da sallah. Sadiya ta nuna mini hotunan da Rakiya ke sawa a waya, sai ga sabulu mai zane jere a kan tebur, ashe sana'arta ce. Na kira ta a take. Ta ce, "Bon, Yaya, wannan ba a koyonsa ta waya. Ki zo."

Da na tashi haɗa kaya, abin da na fara ɗauka shi ne muciyata ta sabulu. Tsawonta ya kai ƙirjina, da ita nake aiki tun Sadiya tana goye. Sadiya ta ce, "Mama, koyo za ki je ko yaƙi?" Na ce mai sana'a ba ta zuwa wuri hannu rabbana.

A tasha muciyar ta ƙi shiga but. Direba ya juya ta ta nan, ya juya ta ta can, ƙarshe ya shimfiɗa ta a kan cinyoyinmu mu 'yan kujerar baya, bakinta ya leƙa ta taga. Har Kainji lafiya lau. Daga nan zuwa Kayama hanya ta ɓaci, duk ramin da muka faɗa sai ta yi tsalle ta daki haɓar wani dattijo mai fataucin albasa da ke gefena. Bawan Allah ya yi ta kare haɓarsa har muka tsaya sallah. Sannan ya shafa gemunsa ya ce, "Hajiya, in tuwon biki za ki tuƙa musu a can, ki ajiye mini ƙanzo. Haƙorana sun riga sun yi aikinsa."

A Kayama muka kwana, washegari muka isa Cikanda, bakin iyaka. Wani ma'aikaci dogo mai gashin baki ya duba takarduna, ya duba jaka, sannan ya ɗaga muciyar yana gwada nauyinta.

"Madam, wannan fa?"

"Kayan aikina ne, ranka ya daɗe. Sabulu nake yi."

Ya dube ni, ya dubi muciya, ya miƙo mini ita da hannu biyu ya ce, "Allah ya kiyaye wanda kika je wurinsa." Ku riƙe wannan mutumin a ranku, zai dawo.

Da muka tsallaka, doya ɗaya ce, awaki ɗaya, amma alluna duk sun koma Faransanci. Ni da ba na barin rubutun bayan mota ya wuce ban karanta ba, na koma ko sunan shago ba na ganewa. Daga Nikki har Parakou manyan kwalabe ne jere a bakin hanya, rana tana haska su. Na ɗauka zuma ce, har na fara tunanin tsaraba. Direba ya ce fetur ne, kuma daga wajenmu ya zo. Na ce to, ashe ya riga ni sanin hanya.

Rakiya ta ce za ta tare ni a Parakou, a gar, wato tasha. Ina tsaye ina neman mace mai kama da danginmu, sai wani babur ya taka birki a gabana. Mai shi da hijabi har ƙasa, da hular kwano a bisa hijabin. Ta ɗaga gilashin hular, sai na ga hancin kakana Ɗanladi. Rakiya ce, ta aro babur ɗin ƙawarta.

"Hau, Yaya."

"Ni ban taɓa hawa bayan mace ba."

"To a nan ko ki hau bayan mace, ko mace ta kaɗe ki. Zaɓi ɗaya."

Na duba titi na ga gaskiyarta. Wata da goyo, wata da tiren ƙwai, wata tsohuwa da ta girme ni tana danna hon tana zagin mai mota. Na hau, na rungume Rakiya da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe muciya a tsaye. Duk addu'ar da na sani sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa.

A gidan ƙawar tata a unguwar Zongo muka sauka. Aka kawo wani abinci baƙi-baƙi mai tsaki-tsaki, na ɗauka dambu ne ya ƙone, har na fara tausayin matar gidan ina shirin yabawa don kada ta ji kunya. Ashe wasa-wasa ne, da garin doya ake yin sa, haka kalarsa take. A kansa akwai wasu yanka jajaye da na ɗauka hanta ce, na ciza na ji cuku. Wagashi ke nan na Fulanin wurin. Na cinye na nemi ƙari, ban ji kunyar kowa ba. Da safe aka miƙo mini burodi siriri dogo mai ɓawo, na jingine shi kusa da muciya kafin shayi ya iso, suka dace da juna.

Muka fita sayen soda da man alayyadi. Muna isa, rana ta take, sai mai shagon ya ja ƙofarsa a gabanmu ya ce sai wajen la'asar, lokacin hutunsa ne. Na ɗauka wasa yake. A Kontagora mai shago ko barci yake, in ya ji takun mai saye zai farka ya rantse idonsa biyu. Wannan kuwa ya hau babur ɗinsa ya tafi cin abinci, muka zauna a gindin mangwaro muna jiransa. Motar da ta kai mu Djougou ma da nata salon, don direban sai da ya sa fasinja a kujerarsa. Har yau ban san wanda ke taka birki a cikinsu ba.

Gidanmu na Zugu tsohon gida ne, har yanzu akwai huhunan goro a zaure. Hausarsu ina ji, amma sai na kasa kunne, don sun cakuɗa ta da Dandanci da Faransanci. Ana cikin kawo mini ruwa sai tsakar gida ta yi tsit, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa ya durƙusa. Wata tsohuwa 'yar ƙarama ta fito tana dogara sanda, idanunta sun yi fari-fari. Aka ajiye mata kujera 'yar tsugunno a gabana. Kaka Azumi ke nan.

Mu ma a Kontagora muna durƙusa wa manya, amma namu gwiwa ce ta taɓa ƙasa ta tashi. A gidan nan ba a amsa gaisuwar babba a tsaye, ba a amsa ta da aiki a hannu, kuma ba a tashi sai ya sallame ka. Kaka ta shafa fuskata ta ce, "Hancin Yaya ne. Amma ke kin cika jiki, shi siriri ne." Ta tambayi gajiya, ta tambayi hanya, ta tambayi yara. Na ɗauka an gama. Sai ta gyara zama ta kafa bakin sandarta a ƙasa.

"Ya Yaya Ɗanladi?" Ta ja layi a ƙasa da sandar.

Na buɗe baki zan ce ai ya rasu tun ina 'yar makaranta, sai Rakiya ta mintsine ni ta raɗa mini, "Ki ce lafiya."

"Lafiya lau, Kaka."

"Ya matarsa Hauwa mai ƙosai?" Ta sake jan layi. "Ya jinjiri Sale, ya daina kuka?"

Sale mahaifina ne, da furfura a gemunsa ya rasu. Ashe sau ɗaya Kaka ta taɓa zuwa Kontagora, wajen sunansa, kuma garin yana nan a kanta yadda ta bar shi. Ta tambayi Bawa wanzami, ta tambayi Mairo mai gishiri, ta tambayi limamin unguwa da rijiyar ƙofar gida, kowane suna da layinsa a ƙasa, kowanne kuma sai ta jira amsa. A ƙarshe ta tambayi jakin Bawa mai cizon mutane. Na ce shi ma lafiya lau. Ta ce, "To madalla," ta ɗaga sanda. Na miƙe da ƙyar, ƙafafuna sun mutu. Rakiya ta ce ai kullum Kaka za ta zo gaishe ni tunda ni baƙuwarta ce. Na yi dariya, don ban gane abin da hakan zai jawo wa sabuluna ba.

Washegari Rakiya ta fara darasi da ƙwace muciyata ta jingine ta a bayan ƙofa. Ta miƙo mini wani tsinken gora da bai fi na tsire kauri ba. "Wala," ta ce da Faransancinsu, "ga muciyarki daga yau."

Farkon aikin na san shi, ido rufe ma zan yi. A jiƙa soda a bar ta ta huce, a narka man kaɗe da man alayyadi, a haɗa. Bambancin shi ne mu a gida muna tuƙawa har sai ya yi kauri ya kama muciya sannan mu zuba. A nan kuwa da zarar ya kai kaurin kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa sai a tsaya. A zuba turare, a raba shi uku, ɗaya a sa masa garin gawayi, ɗaya kurkum, ɗaya a bar shi fari. A zuzzuba su bi da bi a cikin dogon akwatin katako, a soka tsinke har ƙasa, a ja shi a hankali 'yan ja kaɗan, a zare. Daga zuba turare zuwa zare tsinke lokacin ɗan ƙanƙane ne, don man kaɗe ba ya jiran kowa, nan da nan yake daskarewa. Zanen kuma a ciki yake, ba a ganinsa sai washegari in an yanka.

Na zuzzuba launukan daidai, Rakiya har ta yaba. Na soka tsinke. Ta ce, "Dusuman, Yaya, a hankali." Na ja na farko, na ja na biyu, daga nan hannuna ya ƙwace. Hannu ne da uwata ta horar a kan cewa gudaji abin kunya ne, ya tuƙa tuwo ya tuƙa sabulu tsawon rayuwarsa, in ya ga abu ba a haɗe ba ba ya iya haƙuri. Rakiya tana cewa, "Aret, Yaya, tsaya," ina jinta sarai, amma kafaɗata ta riga ta shiga aiki. Kafin ta riƙe ni launi uku sun zama ɗaya, kalar miyar kukar da ta kwana. Na ce mata ai dai ba gudaji. Ba ta yi dariya ba.

A zubi na gaba ta ɗaure mini gwiwar hannu a jikin ƙugu da ɗankwali, don kada kafaɗa ta sa baki. Muka haɗa, muka zuba turare, muka zuzzuba launuka, na soka tsinke. Sai muka ji ƙwas, ƙwas, sanda tana tahowa. Rakiya ta durƙusa. Ni ma na saki tsinke na durƙusa da hannu a ɗaure. Muka bi ta kan Yaya Ɗanladi, muka bi ta kan Hauwa mai ƙosai, ina amsa lafiya lau ina kallon sabulu ta gefen ido yana kauri. Kafin mu kai kan jaki, tsinken ya tsaya ƙyam a tsakiya ba mai riƙe da shi. Da wuƙa muka ciro shi.

Na ce wa Rakiya ko za a roƙi Kaka ta riƙa ɗan dakatawa. Ta dube ni da mamaki ta ce, "Kaka? A ce mata dakata? Ko liman ba ya faɗa mata haka."

Sai muka yi dabarar ɓuya. Muka kwashi kaya zuwa ɗakin ajiyar doya a can bayan gida, muka turo ƙofa, muna magana ƙasa-ƙasa. Muna zuba turare ba a jima ba sanda ta ƙwanƙwasa ƙofa.

"Baƙuwata tana nan?"

Rakiya ta buɗe muka durƙusa a tsakanin doya. Kaka ta zauna tana murna ta ce, "Da na ji ƙamshin nan sai in ce to, baƙuwata ta tashi, bari in je in gaishe ta." Ashe mu ne ke kiranta da kanmu. Idonta ya tafi, amma hancin gidanmu yana nan daram.

Man kaɗe ya ƙare a ɓarnar nan. Ranar kasuwar Partago muka hau babur muka bi jar ƙasa muka je nema, muka dawo jajur, har wata a gidan ta yi mini sannu da zuwa a matsayin sabuwar baƙuwa. Abin da muka samo da sauran sodar da ta rage zubi ɗaya kawai za su yi. Ga babbar sallah tana matsowa, sabulu kuma sai ya yi kamar wata yana bushewa kafin a kai shi kanti, saboda haka dole washegari in kama hanya. Na ji tsoro ƙwarai. Na zauna ina tuna kantar Alhaji Sani da bakin da na cika a gaban mutane, kuma gaskiya na ji haushin tsohuwar nan.

Da safe jakata a ɗaure, muka haɗa zubin ƙarshe ba turare ko ɗigo. Kunu ya yi daidai, launuka suka kwanta a akwati yadda ake so. Na ɗauki tsinke na yi bismilla. Sai Rakiya ta durƙusa. Ban ji sanda ba, don Kaka ba ta zo da ita ba. Ta ji an ce yau zan tafi, ba ta ma tsaya nemanta ba, bango ta dafo har inda muke. Aka ajiye mata kujera daf da akwatin.

Na durƙusa, amma na kasa sakin tsinken. Ta lalubo hannuna ta ji shi.

"Da makami kike gaishe ni?" Ta zare shi daga hannuna.

Ta tambayi kwana, ta tambayi gajiya, sannan ta gyara zama ta miƙa tsinken tana neman ƙasar da za ta ja layi. Tsinken ya nutse a cikin sabuluna. Rakiya ta rufe baki da hannu.

"An yi ruwa ne jiya?" in ji Kaka. "Ƙasar ta yi laushi."

"Sabulun Yaya ne, Kaka."

"To shi ma ya ji gaisuwa. Ya Yaya Ɗanladi?"

Hannunta yana rawa, tsinken ya tafi a hankali daga wannan gefe zuwa wancan yana karkarwa. Na ce lafiya lau. Ta kira Hauwa mai ƙosai ta dawo da shi. Da ta kai kan jinjiri Sale sai hawaye ya zubo mini, ban san ko na sabulu ne ko na babana ba. Ta ji muryata ta canza amma ba ta tsaya ba, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har jaki, ta ce, "To madalla," ta zare tsinken. Sannan ta dafa kaina.

"Kina tsammanin ban sani ba ne? Na san sun tafi, dukkansu, har jakin. Amma a garin nan ba wanda ya san su sai ni. In na kira sunansu ba mai amsa mini. Da kika zo na samu mai amsawa, shi ya sa nake ta kira kafin ki tafi."

Na tuna yadda na ɓuya mata a ɗakin doya, kunya ta rufe ni. Na kifa kaina a cinyarta ina kuka, ta bar ni na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Tashi, kin cika nauyi." Da za mu rabu ta ce in bar mata doguwar sandar nan tawa da ke bayan ƙofa, ta fi tata ƙarfi. Haka muciyata ta zama 'yar Zugu.

Saman sabulun ya yi kamar inda kaji suka yi tono. Rakiya ta juye sauran farin a kai, ta rufe da leda, ta naɗe akwatin da bargo. "Tafi da shi, Yaya," ta ce, "ko wanki kya yi da shi." Na rungume shi a cinya har Parakou, na kwana a can, washegari na kama hanyar iyaka ina ta tsara abin da zan faɗa wa Alhaji Sani.

A Cikanda sai ga dogon nan mai gashin baki.

"Madam mai muciya. Ina makamin?"

"Na bar wa kakata."

Ya nuna ƙunshin bargon, na ce sabulu ne. Ya sa aka kwance, ya ga dogon farin abu dunƙule guda, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya ce aikinsa ne ya ga cikinsa, sai an yanka. Na ce a yanka mana, me ya rage. Na ari wuƙa a wurin mai lemo, na sa leda a hannu, na danna.

Yankan farko ya kwanta a kan benci. Baƙi da rawaya da fari suna nan kowanne da kansa, ba wanda ya shiga wani, sun yi layi-layi sun lanƙwasa, kowane layi kuma ya yi 'yan haƙora ƙanana a inda hannun Kaka ya yi rawa, kamar gashin zabo. Ko a hotunan Rakiya ban ga irinsa ba. Na zauna a gefen bencin. Fasinjojin motarmu suka zagaye mu.

"Da waccan muciyar kika yi wannan?" in ji ma'aikacin.

"Kakata ce ta zana."

Ya sa na yanke shi har ƙarshe, kuma na lura tun a yanka na biyu ya daina neman komai, kallo kawai yake, don kowane yanka da nasa zanen. Na ba shi na bakin ƙarshe ya kai wa iyali, na gargaɗe shi ya bar shi ya yi wata guda, in ba haka ba zai saɓule wa matarsa fata ya zo nemana a Kontagora.

Da na isa gida na haɗa nawa zubin, na riƙe tsinke, na ji kafaɗata ta fara motsi. Sai na ce, "Ya Yaya Ɗanladi?" na ja sau ɗaya, na jira kamar mai jiran amsa. Na kira Hauwa mai ƙosai na dawo. Hannun bai ƙwace ba, don ba a gaggawa a gaban manya. Da na kai kan jaki na ce madalla na zare. Washegari na yanka, sai ga zane. Bai kai na Kaka ba, rawar hannun nan ba a kwaikwayonta, amma da na kai wa Alhaji Sani kafin sallah ya juya shi ya sake juyawa, ya sa aka share masa wuri a kanta ta gaba. Ya ce, "Ashe da gaske wasan yara ne." Na ce ai na faɗa maka. Ban gaya masa shekarun yarinyar ba.

To abin da maƙwabta ke jiyowa da safe ke nan. Ran nan Sadiya tana taya ni zuba launi ta ce, "Mama, ai ya kamata ki sa sunan Kaka Azumi a ciki, tunda zanenta ne." Na ce mata a'a, waɗanda nake kira a kan sabulu duk sun riga sun tafi. Kaka a waya nake gaishe ta duk Juma'a, a durƙushe, ta tambayi jaki in ce lafiya lau. Sunanta bai shiga sabuluna ba, ina kuma roƙon Allah ya daɗe bai shiga ba.